Rumbun Ƙarfe Ba A Huda Shi Ta Haƙarƙari

Duk wanda ya san ƙasar Rogo ya san masara ce ke riƙe da gidaje da yawa. Daga Beli zuwa Zarewa, Fulatan, Gwangwan har Ruwan Bago, da an shiga watan Oktoba ko'ina ka duba shanya ce. Lokacin ne kuma farashi ke faɗuwa warwas, domin kowa na neman kuɗin biyan bashin taki da na makarantar yara, 'yan kasuwar Dawanau da Giwa da Funtuwa kuwa sun riga sun baza dillalansu a ƙauyuka. Mai cin riba shi ne wanda ya iya danne zuciyarsa ya ajiye har bazara ta wuce, ruwa ya sauka, abincin mutane ya yi ƙasa. Wannan lissafin ne ya sa masu ɗan hali a yankinmu suka fara kwaɗayin rumbun ƙarfe, dogon nan mai zagaye da ake gani a gonakin kaji da kamfanonin casar shinkafa. Ɓera ba ya huda shi, gara ba ta cin sa, ɓarawo ba ya saɓa buhu ya tsallake katanga, kuma an huta da kuɗin buhuna.

Sai dai duk hirar da ake yi a kansa ta cikawa ce. Buhu nawa yake ci? Ƙwayar magani nawa za a jefa? Wata nawa masara za ta yi ba ta ɓaci ba? Ban taɓa jin mai saye ya tambayi yadda ake kwashe shi ba. Alhali abin da idona ya gane mini shi ne, rumbun da ya yi wata da watanni tsaye cike maƙil ba tare da ya ko motsa ba, yana iya durƙushewa cikin sa'a guda ranar da aka zo rage masa kaya.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka fara kafa irinsa a wajenmu. Na hannu ya saya, daga wata gonar kaji da aka rufe. Faɗinsa ya kai mita 5, tsawonsa wajen mita 7, wato in an cika shi da masara yana ɗauke da abin da ya kusa tan 100, buhu dubu ke nan a ƙiyasinmu na kasuwa. Masu haɗawa suka zo daga birni suka zuba kankare, suka bar rami a tsakiyar daɓen, daga ramin kuma wani bututu mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki ya bi ta ƙarƙashi ya fito waje. In an tada janareta, ƙaramin inji ya juya ƙarfen, sai masara ta riƙa fitowa ta bakin bututun ana tarawa. A hankali take fitowa, har 'yan dako kan yi mata tsiya. Ni ne mai riƙe wa Kawu littafi, don haka duk shekarun da aka yi ana cikawa ana kwashewa ina wurin, kuma ba a taɓa samun ko ƙwarzane ba.

A shekarar da abin ya faru, farashi ya hau bayan ruwan shuka. Wani mai sayen masara don abincin kaji ya biya, ya turo tireloli. An cika rabin mota ɗaya sai injin ya yi hayaƙi ya tsaya. Mai gyara ya duba ya ce wayar ciki ta ƙone, sai an kai Kano an sake naɗawa. Direbobi suka fara guna-guni, mai kaya yana ta bugo waya, gabas kuma ta fara haɗa hadari. Cikin wannan hayaniya wani ya ce, to ina wahalar? A kira mai walda ya yanka taga a jikin rumbun ta wajen da mota take, masara ta zubo da kanta. Kowa ya ga dabara ce.

Aka yanka tagar daidai tsawon mutum, aka lanƙwasa fallen kwano aka yi indararo. Masara ta ɓalle da ƙarfin da sai mutum biyu sun riƙe bakin buhu. Ƙaiƙayi ya tashi ya yi wa 'yan dako fari a gira da gemu, masu ɗinki da basilla suka kasa cim ma masu tarawa, ni kuma alƙalamina ya kasa cim musu duka. Ana dariya, ana cewa da an sani tun tuni da an huta da sayen man janareta.

Tsohon da ke gadin wurin ne ya fara lura. Yana zaune nesa da hayaniyar a gindin darbejiya, sai ya taso ya zo ya tsaya bayan Kawu.

"Alhaji, a dakata haka nan. Rumbun nan magana yake yi."

"Wace irin magana kuma, Baba?"

"Ka sa su yi shiru ka ji."

Da aka yi tsit sai ga shi kuwa: ƙas, can kuma ƙas, daga sama. Muka ɗaga kai. Daga saman tagar har falle na uku, bangon ya lotsa ciki a miƙe, gefe da gefen lotsawar kuma ya ɗan turo waje. Garin tsatsa na zubowa daga kan notuna. Kawu ya daka tsawa kowa ya ja baya, direban ya ja motarsa buhuna na faɗowa. Wani saurayi ya so ya koma ya toshe tagar da buhu, aka fizgo shi ta wuyan riga. Ba a jima ba bangon ya naɗe daga saman tagar, hular rumbun ta sunkuyo wajen hanya, haɗin fallaye ya yage, notuna suka riƙa tsalle. Masara ta malale filin har bakin kwata.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Unguwa ta fito, mata da ƙore da fanteka, yara da bokitai, aka yi ta kwasa ana kaiwa zaure da shaguna har ruwa ya sauko ya tarar da saura. Washegari zance ya kasu. Wasu suka ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Wasu suka ce baki ne. Wasu suka ce ai dama tsohon ƙarfe aka sayar wa Alhaji. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu, amma tana da sanadi, kuma sanadin wannan bai da wani sirri.

Wani injiniyan noma da ya yi karatu a Samaru, abokin yayana, shi ya zo ya duba bayan kwana biyu. Ya zagaya, ya ɗauki yankakken fallen da mai walda ya jefar, ya auna kaurinsa: bai cika milimita 2 ba. Sai ya sa aka kawo gwangwanin lemo da aka shanye, ya ajiye a kan daɓe, ya kira wani yaro ya dafa kafaɗarsa ya hau kai da ƙafa ɗaya a hankali. Gwangwanin ya ɗauke shi. Injiniyan ya sunkuya ya ɗan ƙwanƙwasa gefensa da biro. Nan take ya murƙushe.

"Baba Alhaji," ya ce, "ƙarfin rumbunka ba a kaurin ƙarfe yake ba. A zagayensa yake. Muddin da'irar nan ba ta ɓaci ba zai ɗauki abin da aka yi shi dominsa. Ranar da ta ɓaci, shi ke nan."

Bayanin da ya biyo baya shi ne na fi riƙewa, domin ya saɓa wa abin da hankali ke fara ba mutum. Mu a zatonmu hatsin da ke cikin rumbu a kan daɓe yake zaune, bango kuwa tare shi kawai yake yi kada ya watse. Ashe ba haka ba ne. Tsaba tana tura bango waje, sannan tana gogar sa tana rataya a jikinsa, ta yadda wani babban kaso na nauyin yana bin bangon ne ya sauka ƙasa. Wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen ya nuna haka tun 1895 a birnin Bremen. Ya yi dogayen akwatunan katako, ya sa sikeli a gindinsu, ya yi ta zuba hatsi. Da farko sikelin na hawa, amma da hatsin ya yi tsawo sai ya kusa daina hawa komai yawan abin da aka ƙara, domin bango ya karɓe sauran. Har gobe da lissafinsa ake fara zana rumbu. Ke nan siririn fallen nan aiki biyu yake yi lokaci guda: ana ja masa ta zagaye, ana danna shi daga sama. Ja ba ya damun ƙarfe. Danni ne ba ya jurewa in siriri ne, musamman in ya sami 'yar lotsawar da zai fake da ita.

To, duk wannan hatsi na kwance ke nan. Da an buɗe ƙofa ya fara tafiya, sai rabon nauyin ya sake, turin da bango ke sha a wasu wurare ya zarce na lokacin da yake kwance. Shi ya sa ƙa'idar ginin rumbuna ta ƙasashen Turai da aka fitar a 2006 ta ware lissafin cikawa daban, na kwasa daban, ta kuma ware wa kwasa ta gefe nata babin. In ta tsakiya aka ja, sama takan lotsa ta yi mazurari, masarar sama ta riƙa gangarowa tana bin wata hanya a tsakiya, wadda ke jikin bango tana zaune har layi ya zo kanta. Nauyi na raguwa daidai wa daida ta kowace fuska. In kuwa ta gefe aka huda, hanyar gudun sai ta kwanta a jikin bango. A cikin hanyar turi ya ragu, a gaɓarta biyu ya ƙaru, bangon ya shiga nan ya fita can, da'ira ta ɓaci, dannin sama kuma ya taru a wuri guda. Ga gefe ɗaya ya zabtare, ɗayan yana nan tsiri guda yana turo rumbun. Ga kuma tagar ita kanta, wadda ta datse ɗamarar fallen da aka yanka. Abin da muka gani da ido ke nan tun kafin a ba mu sunansa.

Akwai rumbunan da tun daga kamfani aka yi su da ƙofar gefe, amma su an jera musu wasu fallaye daga ciki masu tilasta wa hatsi ya riƙa shiga daga sama, an kuma ƙara musu ginshiƙai da ɗamara. Ganin irinsu a wani kamfani ba hujja ba ce ta kiran mai walda. Injiniyan ya ƙara da wani abin da ya sa jikin kowa ya yi sanyi: tartsatsin yankan ƙarfe a jikin rumbun da ke cike da ƙurar hatsi, wanda kuma aka jefa wa ƙwayar kashe ƙwari, yana iya tada gobara ko fashewa. Ta wannan fuskar ma da arziki aka rabu.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa dabarar tagar ta kwanta wa kowa a rai, har dattawan da suka girma da rumbu. Ina ganin daga rumbun ƙasa muka ɗauko ta. Iyayenmu dami suke ajiyewa, dawa da gero a zangarniyarsu. Zangarniya ba ta gudu, inda ka aje ta nan za ka tarar da ita. A ɗage jinka, yaro ya hau ya shiga ya miƙo abin da za a sussuka, ya ɗebo ta duk inda hannunsa ya kai. Bangon rufewa kuma kauri gare shi, in ya tsage a kwaɓa ƙasa a yaɓe. Duk waɗannan halaye daidai suke a wurinsu. Tsaba tan 100 a cikin siririn ƙarfe wani abu ne daban, kuma ɗabi'ar da ta fi ba ni tsoro a cikin waɗanda muka gada ita ce ta tura yaro ciki.

Ga yadda take zuwa. An zuba masara ba ta gama bushewa ba. Da rana ƙarfe ya ɗau zafi, da dare sanyin hunturu ya buge shi, gumi ya taru a ƙarƙashin hula ya riƙa ɗiga. Saman masarar ya yi funfuna ya dunƙule, wata kuma ta manne a bango. Ranar kwasa sai ta ƙasa ta zurare, ɓawon sama ya tsaya, kogo ya buɗe a ƙarƙashinsa ba mai gani. Masara ta daina fitowa, sai a ce wane, hau ka tattaka ta. In ɓawon ya burma, ya tafi da wanda ke kai, faɗuwar dunƙulen kuma kan iya tsaga bango ko ta zuƙo hula ciki. Ko babu kogo, masarar da ake ja daga ƙasa tana kama ƙafar mutum cikin daƙiƙoƙi, da ta kai gwiwa ba ya iya fitar da kansa, in injin babba ne kuma kafin minti ɗaya ta rufe shi. Jami'ar Purdue ta Amurka tana tattara bayanan irin wannan haɗari shekara da shekaru, kuma a 2010 kaɗai ta ƙirga sama da 50 a ƙasar. A watan Yulin shekarar, a garin Mount Carroll na jihar Illinois, samari biyu, ɗan shekara 14 da ɗan 19, sun mutu a cikin rumbun masara da aka tura su su saukar da wadda ta maƙale. Wannan a ƙasar da ke da 'yan kwana-kwana da kayan ceto a kusa ke nan. Mai karatu ya auna nisan Beli da inda motar kashe gobara take. In masara ta maƙale, a kashe inji, a tsaya daga waje ta ƙofar sama a zungura da doguwar gora. Maganin abin kuwa tun daga shanya yake: kada danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda bai da na'urar awo ya sami busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ya zuba tsabar a ciki ya girgiza ya ɗan jira. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da masarar rana.

Ƙofar iska ma tana jawo wa mutane asara ba su sani ba. Lokacin sa magani akan liƙe ko'ina da leda da roba don kada hayaƙin ya fita, kuma daidai ne. Amma hatsin da ya fita dole iska ta maye gurbinsa. In an manta ba a buɗe murfin sama da kafofin iska ba kafin a fara ja, rumbun zai zuƙe kansa, hula ta lotsa. Aikin minti biyar ne, sai dai yana buƙatar wanda zai hau tsani alhali kowa hankalinsa na kan mota.

Bayan an kwashe ma ba a gama ba. Mu muna kwasa ne a farkon damina, daidai lokacin da iskar hadari ke cire rufin makarantu da masallatai. Rumbun da ke cike nauyinsa na riƙe da shi, hatsin na tokare bangon daga ciki. Wanda ba komai a cikinsa ba abin da ke riƙe shi sai notunan da suka ɗaure shi da kankare. A duba su kafin kwasa, a canja waɗanda tsatsa ta ci, a rufe ƙofofi bayan an share. Kada kuma ganin rumbu na zaune banza ya sa a juye taki a ciki, domin ya fi masara nauyi kuma yana cin ƙarfe.

Kada wannan ya tsorata masu ƙaramin rumbun gida, irin na farin kwano da makera ke haɗawa da dalma, mai cin buhu 5 zuwa 30, wanda wani shirin ƙasar Suwizalan ya yaɗa a Honduras da maƙwabtanta daga 1983 kafin ya iso Afirka. Shi bakinsa dama a gefe yake daga ƙasa, kuma nauyin da ke cikinsa bai kai ya naɗe shi ba. Abin da ke kashe shi shi ne a karkata shi ko a buga masa sanda don fitar da ragowa, haɗin dalma ya buɗe, iska ta sami hanya, ƙwari su farfaɗo. A ɗora shi a kan katako a inuwa, a jawo ragowar da ɗan ludayi mai dogon hannu. A ganina ma manomin da amfaninsa bai wuce buhu talatin ba, wannan ko buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007 don wake kuma ake yin sa a nan Kano, ya fi masa kwanciyar hankali. Babban rumbu na wanda zai iya ciyar da injinsa ne, ya ajiye na ko-ta-kwana, ya gwada shi mako guda kafin ya karɓi kuɗin kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kawu ya so a bubbuge fallayen a miƙe a mayar. Injiniyan ya ƙi, ya ce fallen da ya taɓa naɗewa ba ya komawa ƙarfinsa, sai dai a sake sabo daga ƙasa har sama a wannan ɓangaren. Da aka yi lissafi, kuɗin ya ninka na naɗa wayar injin sau da yawa, ban da masarar da ruwa ya taɓa aka sayar wa masu kiwo a wulaƙance. Da an sallami direbobin da kuɗin kwana biyu, da rumbun na nan.

Manyan rumbunan ajiya na Gwamnatin Tarayya irin na Gaya da Jahun da Dutsinma, waɗanda a 2018 aka amince a ba 'yan kasuwa hayar da dama daga cikin irinsu, suna da injiniyoyi da takardun aiki. Damuwata tana ga ƙananan da ke ƙaruwa a hannun ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar ƙauye, musamman na hannu, waɗanda ke zuwa ba takarda ba mai bayani. Ina roƙon malaman gona na KNARDA da ma'aikatan cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta NSPRI da ke da ofishi a Kano su sa darasin kwasa cikin abin da suke koyarwa, su tara har da masu walda da shugabannin 'yan dako, domin su ne ke wurin a ranar. A rubuta ƙa'idojin da Hausa da ajami a jikin kowane rumbu da jan fenti: a buɗe sama kafin a ja, a ja ta tsakiya har sai ta daina fitowa don kanta kafin a taɓa wata ƙofa, kada a yanka bango, kada kowa ya shiga.

Kai kuma mai niyyar saye a kakar bana, kafin ka biya ka ce mai sayarwa ya nuna maka yadda za a fitar da hatsin ranar da injin ya ƙi tashi. In ya kasa ba ka amsa, riƙe kuɗinka ka sayi buhuna.